Ƙwaron fure da tsanyar bishiya: yadda ake kama su, a kiwata, a kwatanta

A ƙarshen damina, daga Agusta zuwa Oktoba, gona ɗaya kan tara ƙwari biyu da ba sa haɗuwa ko da reshe ɗaya suke hawa. Ɗaya ƙwaron fure ne, ɗan dunƙule mai ƙwanso, ruwan ɗorawa da baƙi ko ƙasa-ƙasa, wanda ke zuwa da tsakar rana yana ƙugi ya sauka a kan zangarniyar gero ko gwandar da ta fashe. Masana na kiran danginsa Pachnoda. Ɗayar kuwa tsanyar bishiya ce, siririya, koriya mai haske, wadda sai bayan magariba take fara kuka daga cikin ganye. Sunan danginta Oecanthus.

Malamin da ke son ɗalibai su ga girman ƙwari da idonsu da wuya ya sami biyun da suka fi waɗannan. Kama su ba ya cin kuɗi, ba sa harbi, kuma tun daga ƙwai hanyarsu ta rabu. Ƙwaron fure a cikin ƙasa yake ƙyanƙyashewa, ya yi watanni yana tsutsa kafin ya ga rana. Tsanyar bishiya ba ruwanta da ƙasa: a cikin reshe ake saka ƙwanta, a kan ganye take girma. Duk tanadin da za a yi musu daga nan ya taso. Shi zurfi yake so, ita tsawo.

Kamu

Ƙwaron fure da hanci ake kama shi. A sami gorar ruwa ta roba mai cin lita ɗaya da rabi, a yanke taga a gefenta ta sama, faɗin yatsa uku. A zuba ayaba biyu da suka nuna har suka yi baƙi, ko mangwaro, ko gwaiba, a dama da ruwa kaɗan, a bar shi kwana biyu ya yi tsami. Warin tsamin ne ke kiransa. A rataye gorar a reshe, tsayin kafaɗar mutum, a gefen da rana ke bugawa da hantsi. A huda gindinta da ƙusa wuri uku ko huɗu, in ba haka ba ruwan sama zai taru ƙwarin su nutse. A riƙa dubawa kullum da la'asar.

Wanda ke da gonar gero ko dawa kusa ba ya buƙatar tarko. Da sassafe, kafin rana ta gasa musu jiki, ƙwarin ba sa iya tashi da sauri. A tara bokiti a ƙarƙashin zangarniya a girgiza. Sai dai a kula, domin a kan gero akwai wani dogon ƙwaro mai taushin fiffike, wanda a wasu wurare ake kira hangara. Ruwan jikinsa yana tayar da bororo a fata. Ƙwaron fure gajere ne mai faɗi da tauri. Duk wanda ya fito dogo siriri, kada a murza shi da hannu.

Tsanya ta fi wuya nesa ba kusa ba. Kukanta siriri ne mai sauti ɗaya, kunne kuma ba ya saurin gane inda irin wannan sauti yake fitowa, sai mutum ya yi ta leƙen reshen da babu komai. Mutum biyu sun fi ɗaya: su tsaya nesa da juna kamar taku biyar, kowa ya nuna inda yake jin kukan, inda hannayen biyu suka haɗu nan za a haska. A rufe bakin tocila da jar leda, domin farin haske yana sa ta yi shiru nan take. A duba ƙasan ganye a tsayin gwiwa zuwa kai, a shinge, a kuɓewa, a zoɓo, a ƙananan itatuwan bakin gona. In an gan ta, a kawo kwalba mai faɗin baki ta ƙasan ganyen, murfi ta sama, a rufe da ganyen a ciki. Kada a kama ta da yatsa. Da an riƙe ƙafarta ta baya sai ta sake ta a hannun mutum ta gudu, kuma ƙafar babbar tsanya ba ta sake fitowa.

Namiji kaɗai ke kuka, don haka kamun dare maza yake bayarwa. Mata da 'ya'ya da rana ake samu: a buɗe laima a kife ta a ƙarƙashin reshe, cikinta na kallon sama, a buga reshen da sanda sau biyu da ƙarfi, a duba abin da ya zubo.

A tabbatar da abin da aka kama

Gilashin ƙara girma ya isa, ko kyamarar waya in tana ɗaukar abu kusa.

Fiffiken gaba na ƙwaron fure ya zama ƙwanso, biyu ne da suka haɗu a miƙaƙƙen layi tsakiyar baya. Na tashi suna naɗe a ƙarƙashi. A nan akwai abin kallo: ƙwarin da ke zuwa fitila da dare a farkon damina sai sun buɗe ƙwanson kafin su tashi, shi kuwa ƙwaron fure ba ya buɗewa. Akwai ɗan gurbi a gefen kowane ƙwanso, bayan kafaɗa, ta nan fiffiken tashi ke zamewa waje. Shi ya sa yake tashi farat ɗaya kamar ƙuda. Ƙahonninsa gajeru ne, ƙarshensu faifai uku da yake buɗewa in yana shinshina abinci. Ƙafafun gaba suna da haƙora a gefe don tono. A juya shi rigingine: in akwai ɗan kwari a tsaye tsakiyar cikinsa, namiji ne, cikin mace sumul yake, ya ɗan kumbura. Yakan saki wani ruwa mai wari a hannu in an matsa masa, ba ya cutarwa, wanki kawai yake so.

Iri biyu aka fi sani. Pachnoda interrupta ƙarami ne, kimanin santimita ɗaya da rabi, shi ne ke faɗa wa dawa da gero a yankin Sahel har zuwa Habasha. Pachnoda marginata ya fi girma, santimita 2 zuwa 3, kuma shi ne masu kiwon ƙwari a Turai suka fi ajiyewa saboda sauƙin hayayyafarsa.

Tsanyar bishiya tsawonta santimita ɗaya zuwa biyu ne, ban da ƙahonni, waɗanda suka fi jikin tsawo kuma sirara ne kamar gashi. Kanta dogo ne, bakin yana kallon gaba, ba kamar gyaren rami mai dunƙulen kai ba. Fiffiken namiji faffaɗa ne, a kwance bisa baya, ana ganin jikinsa ta ciki. Na mace siriri ne, ya naɗe jikinta, kuma a bayanta akwai tsinke miƙaƙƙe kamar allura wanda take saka ƙwai da shi. A duba ƙafar gaba, ƙasa da gwiwa kaɗan: wani ɗan tabo mai sheƙi, shi ne kunnenta.

Wadda ake yawan rikita ta da ita ita ce koriyar farar nan mai dogayen ƙahonni da ke kama da ganye. Nata fiffiken a tsaye yake gefe da gefe kamar jinka, abin saka ƙwanta kuma faffaɗa ne a lanƙwashe kamar lauje ko takobi. In har yanzu ana shakka, a ƙirga gaɓoɓin ƙarshen ƙafa: tsanya uku, farar ganye huɗu, ƙwaron fure biyar.

Gidan ƙwaron fure

Yawancin aikin a cikin ƙasar da za a zuba yake, domin ita ce wurin kwana, wurin ƙwai, kuma abincin tsutsa. Bokitin roba mai lita 10 ya ishi ƙwari shida zuwa takwas, maza biyu ko uku sauran mata. In an sami roba garai-garai da ake gani ta cikinta, ta fi.

A haɗa kashi uku na ruɓaɓɓen ganye, wanda ya yi baƙi yana marmashewa a ƙarƙashin mangwaro ko wata bishiyar inuwa, da kashi ɗaya na tsohon takin shanu da ya shekara ya daina wari, da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen itace mai fashewa a hannu. Ganyen darbejiya kada ya shiga ko kaɗan: sinadarin da ke cikinsa yana hana ƙwari cin abinci da yin saɓa, dalilin da ya sa ake maganin ƙwari da shi ke nan. Haka ganyen itacen turare. Sabon taki kuma yana ɗaukar zafi yayin ruɓewa, ya dafa ƙwai. A shanya haɗin a rana yini ɗaya don tururuwa da shanshani su fice, sannan a yayyafa ruwa a cuɗa. Gwajin danshi a tafin hannu yake: a matse, ya dunƙule, amma kada ruwa ya ɗiga. In ya ɗiga a ƙara busasshen ganye. In ya watse a ƙara ruwa.

Zurfin ƙasar ya kai santimita 15, a danne kashi ɗaya bisa uku na ƙasa da hannu, domin a wuri mai ɗan tauri mace ke son saka ƙwai. A ɗora 'yan rassa da ɓawon itace a sama. Ba ado ba ne: ƙwaron da ya faɗi rigingine a fili ba tare da abin kamawa ba yakan yi ta harba ƙafa har ya gaji ya mutu.

Murfi ya zama yadi marar kauri da aka ɗaure da roba. A nan ne mutane da yawa ke kashe ƙwarinsu ba su sani ba, domin abin da ya fi kusa da hannu shi ne tsohon gidan sauro, kuma gidan sauron da ake rabawa a asibiti da maganin ƙwari a jikin zarensa, wanki ba ya fitar da shi duka. Ɗakin da ake kunna maganin sauro ko ake fesa fiya-fiya shi ma bai dace ba.

Abincin manya yankan ayaba ne, ko mangwaro, gwanda, kankana, a kan murfin kwalba don kada ya taɓa ƙasa. A canza bayan kwana biyu, kafin fumfuna da ƙananan ƙudaje su mamaye. Ba sa buƙatar ruwan sha daban.

Zafin da ya fi musu shi ne digiri 25 zuwa 30 na ma'aunin Celsius. Bokitin da aka bari a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, ko a taga inda rana ke faɗawa, ya zama tukunya. A ajiye shi a ƙasa, a inuwa, inda haske ke shiga. Da hunturu kuma ƙasar kan bushe daga sama cikin kwana biyu. A tona da yatsa a ji, a yayyafa ruwa a gefe ɗaya kawai don tsutsa ta zaɓi inda ya yi mata.

Ƙwan fari ne, dunƙulalle, kamar ƙwayar gero, yana ƙyanƙyashewa cikin mako biyu zuwa uku. Tsutsar fara ce mai kauri, irin wadda ake kira gwazarma a juji, tana bi ta mataki uku cikin wata biyu zuwa uku in akwai ɗumi da abinci. A ba kowace kimanin rabin lita na ƙasa. Idan saman bokiti ya cika da baƙaƙen 'yan dunƙule kamar kashin ɓera, abinci ya ƙare. A tankaɗe da rariya mai manyan ido, a zuba rabin tsohuwar ƙasar a gindin shuka, a cika da sabon haɗi. Kada a canza duka lokaci ɗaya.

Gwazarma iri-iri ce, kuma akwai gwaji mai sauƙi da yara ba sa mantawa. A ɗora ta a kan faranti. Ta ƙwaron fure za ta juya rigingine, ƙafafu a sama, ta yi tafiya da bayanta. Mai cin saiwar shuka kanta ya fi girma, ƙafafunta sun fi tsawo, kuma a lanƙwashe take zama a gefe tana fafutuka. Ta ƙwaron fure ruɓaɓɓen abu kawai take ci, ba ta taɓa saiwa mai rai.

In ta ƙoshi sai ta yi ruwan ɗorawa-ɗorawa, ta gina wa kanta ɗaki da ƙasa da kashinta, dunƙule mai tauri kamar ƙaramin goro. A ciki take rikiɗa, mako huɗu zuwa shida. Kada a fasa don a gani. Wadda aka fasa wa ɗaki yawanci bushewa take yi, ko ta fito da murɗaɗɗen fiffike. Dabarar ita ce robar garai-garai da aka naɗe da baƙar takarda: wasu tsutsotsin kan manna ɗakinsu a jikin robar, sai a ɗaga takardar a leƙa a mayar.

Wani abu da ke sa a zaci kiwon ya lalace: ƙaramin irin nan da ake kamawa a kan dawa da kaka sau da yawa ba ya saka ƙwai a lokacin. Binciken da aka yi a Habasha ya nuna sau ɗaya yake hayayyafa a shekara. Waɗanda suka fito da kaka suna ci su ƙoshi, su shige ƙasa su yi rani a can, sai ruwa ya sauka su fito su yi barbara. Wanda ke son ƙwai ya kama nasa a farkon damina, ko ya tono tsutsa a tsohon juji tsakiyar damina.

Gidan tsanya

Nata bai kai wannan wahala ba, amma kuskure kaɗan ke kashe ta. A sami roba ko kwalba mai tsayin santimita 30 ko fiye, a rufe da irin yadin nan, a yanke taga a gefe ita ma a manna yadi, domin iskar da ba ta motsi da raɓar da ke kwanciya a bango su ne manyan abokan gabanta. A shimfiɗa takarda a ƙasa. A tsaya da reshe mai ganye, na itacen da aka same ta a kai, a cikin ƙaramar kwalbar ruwa, a toshe bakin kwalbar da auduga don kada ta faɗa ciki. Namiji ɗaya da mata biyu sun isa gida ɗaya.

Tana cin ganye da fure da 'ya'yan itace, amma tana son nama. Ganyen wake ko kuɓewa mai ɗarɓa a ƙasansa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, babban abinci ne gare ta, matuƙar ba a yi wa gonar feshi ba. In babu, a niƙa ƙwayar abincin kifi ɗaya a zuba a murfi. A fesa ruwa kaɗan a ganye da yamma, daga ɗigon take sha. Tururuwa na iya gamawa da ita cikin dare ɗaya, don haka a ɗora gidan a kan faranti mai ruwa.

Mace tana fara tauna ɓawon reshe, sannan ta soka tsinkenta ta saka ƙwai a cikin ɓargon. A ba ta rassa ɗanyu masu taushin ciki, kaurin tsinken tsintsiya zuwa fensir. In an ga 'yan huji a jere, a cire reshen zuwa wata kwalba, gindinsa a jiƙaƙƙiyar auduga. 'Ya'yan da za su fito tsanya ce sak, sai dai ƙanana, farare, babu fiffike. Babu tsutsa, babu ɗakin rikiɗa. Saɓa suke yi, yawanci sau biyar, fiffike na ɓullowa a matakan ƙarshe. A rataye suke saɓa, kai a ƙasa, shi ya sa tsayin gida da reshe mai kaushi suka zama dole. Wadda ta faɗo tana tsakiyar saɓa ta nakasa ke nan.

Kuka da ma'aunin zafi

Da jar tocila ana iya kallon namiji yana kuka. Yana ɗaga fiffikensa biyu tsaye cak, ya riƙa goga gefen ɗaya a kan jerin ƙananan haƙora da ke ƙasan ɗayan. In mace ta zo, takan hau bayansa ta lashi wani ruwa da ke fitowa daga ɗan rami a gindin fiffiken. Yayin da take lasa ne barbarar ke kammala.

A duba ganyen da ke cikin gidan da safe. Wasu mazan kan huda rami tsakiyar ganye daidai girman fiffikensu, su zauna a ciki su yi kuka. Sautin da ke fita ta gaban fiffike da na bayansa suna kashe juna, ganyen kuma ya raba su, kamar yadda akwatin lasifika ke yi, sai kukan ya ƙara ƙarfi. A Afirka ta Kudu aka fara ba da rahoton wannan a 1975, daga baya aka yi nazarinsa sosai a Indiya.

Jikin tsanya yana bin zafin wuri, don haka kukanta kan yi sauri a daren zafi ya ja baya a daren sanyi. Wani masanin kimiyya mai suna Amos Dolbear ya wallafa lissafin wannan a Amurka a 1897, kuma wanda ake amfani da shi yau shi ne: a ƙirga kuka cikin daƙiƙa 8, a ƙara 5, a sami zafin wurin a digirin Celsius. Amma wannan na wata tsanyar bishiya ce ta Amurka. Kowane iri da saurinsa, wasu ma kukansu a jere yake babu yankewa. Abin da ya fi amfani ga aji shi ne su yi nasu: kowane dare a daidai lokaci guda, a rataye ma'aunin zafi kusa da gidan, a ɗauki kukan a waya, a ƙirga na daƙiƙa 15 sau uku, a rubuta matsakaici kusa da zafin. Dare goma sun isa a zana layi.

A gona da kuma a akwatin ajiya

Manomi zai tambayi wanne ne abokin gaba. Ƙwaron fure babba yana ɓarna a kan fure, da 'ya'yan itacen da suka nuna, da hatsi yana ruwan nono. In sun yi yawa, girgizar sassafe cikin bokiti mai ruwan sabulu da tarkon ayaba a bakin gona suna rage su. Tsutsarsa kuwa taki take yi. Tsanyar bishiya hujin ƙwanta na iya raunana ɗan reshe, amma ɗarɓar da take ci ta biya wannan, kuma ba ta kai a sayo mata magani ba.

Don ajiya, wanda ya mutu da kansa ya isa. Ƙwaron fure a soke shi da fil ta ƙwanson dama, kusa da kafaɗa, a kafa a farin soson kwali, a gyara ƙafafu kafin su sandare, ya bushe mako biyu a inuwa. A sa kafur a kusurwar akwatin saboda kiyashi. Tsanya jikinta taushi ne, in ta bushe sai ta yamutse; a saka ta a ƙaramar kwalba mai sifirit. Koren zai koɗe cikin 'yan kwanaki, don haka a ɗauki hotonta tun tana da rai. Takardar da za a jefa cikin kwalbar, mai ɗauke da wuri da kwanan wata da sunan itacen da aka same ta, da fensir za a rubuta ta, domin sifirit yana narkar da tawadar biro.